Ba Ajimi da Rangwamen Hayar Ɗakina

Duk ma'aikacin da intanet ta taɓa wahalar da shi a Gashua ya san shagon Ba Ajimi. Yana nan bayan tasha, tsakanin mai facin taya da masu sayar da busasshen barkono, in iska ta juyo sai ka ga masu jiran layi suna ta atishawa a jere. Babarbare ne, mutumin Nguru kamar ni, shi ya sa muke sa masa Ba a gaban suna, yadda ake girmama dattijo a gida.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Yana saurayi ya sayi tsohuwar tafireta ya kafa tebur a bakin kasuwar shanu ta Nguru, yana buga wa dillalai da Fulani takardun ciniki. A nan ya tsinci Fulatanci, a nan kuma ya karanci halin mutanen da kunya ke hana su faɗar abin da ke ransu. Da aka buɗe jami'a a Gashua sai ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kwaso matarsa Bintu da yara suka dawo nan. Har yau da yatsu biyu yake bugu, kuma da ƙarfin da ya saba dukan tafireta, har maƙwabta sukan san Ba Ajimi ya fara aiki.

Aibinsa ɗaya, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa: nawa. Aikin da samarin shagunan bakin jami'a za su gama kafin ka zauna, shi sai ya tambaye ka, ya sake tambayarka, ya gyara tabarau, ya leƙa fuskarka. Ka yi fushi ka yi tsaki, ko a jikinsa. Amma ban taɓa jin wanda ya dawo yana kuka da aikinsa ba, don haka muke zaginsa a zuci muna komawa.

Ni sunana Wasila, ma'aikaciyar jinya ce, kuma kowa a wurin aikinmu ya san ba a yi ni da haƙuri ba. A shekarar da mahaifiyata ta rasu aka yi mini canjin aiki daga Nguru zuwa Gashua. Na zo ban san kowa ba, wata abokiyar aiki ta kai ni gidan wata tsohuwar Bafulatana da ake kira Gogo, a unguwar da ke gangaren kogi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Ta nuna mini ɗakin da ke jikin zaure. Na ce nawa ne, sai ta juya mini baya ta ce in ɗauki buta in yi alwala, lokaci na wucewa. Abokiyata ta tsunkule ni ta ce ba a yi mata wannan tambayar, in dai riƙa ajiye wani abu.

Haka na riƙa yi. Duk ƙarshen wata in naɗe kuɗi in tura ƙarƙashin faifan da take rufe ƙwarya da shi. Ba ta taɓa cewa ta gani ba, ni ma ban taɓa cewa na ajiye ba. A lissafina hayata nake biya, har da ƙari. Shekaru suka tafi a haka. In na dawo daga aiki zan tarar da tuwona a rufe, in na yi zazzaɓi ita ke zama a kaina tana faɗa wai ba na cin abinci. Gaskiya zan faɗa, duk faɗin Gashua gidan nan ne kaɗai ake jiran dawowata, kuma ba abin da nake tsoro kamar in rasa shi.

Da sabuwar dokar haraji ta shigo, aka ce mai zaman haya yana da rangwame a harajin da ake cira daga albashinsa, in ya shiga shafin haraji ya bayyana hayar da yake biya. Abokan aikina duk suka cike nasu ya shiga. Ni kuwa duk sanda na gwada a waya sai jan rubutu ya fito, wai ban cancanta ba. Na gwada har wayar ta yi zafi, na cika na batse, na ɗauki jakata sai shagon Ba Ajimi.

"Wushe, 'yar gida," ya gaishe ni da Barbarci. "Wa ya taɓa ki kuma yau?"

"Na'urarku ce, Ba Ajimi. Kowa ɗan haya ne ban da ni."

Ya buɗe shafin ya bi shi layi-layi yana motsa baki. Can ya nuna mini da yatsa. Adireshin da ke kan rajistata har yanzu na gidan mahaifina ne a Nguru, na'urar kuwa ta ga mai zaune a gidan ubanta tana neman rangwamen haya a wani gari. Ya gyara. Jan rubutun ya sake fitowa. Ya kuma dubawa ya ga na sa abin da nake bayarwa a wata a gurbin da ake neman na shekara. Ya gyara wannan ma, yana cewa masu duba marasa lafiya ba sa duba rubutunsu. Nan take shafin ya koma kore. Saura gurbi na ƙarshe, sunan mai gida da lambar wayarsa, inda za a aika saƙon tes ya tabbatar cewa lalle ana biyansa haya. Wannan tun a gida na cike shi. Na ce ya danna mu tashi.

Sai na ga ya ɗauke hannuwansa ya ɗora a cinya.

"Wace Gogo ce wannan? Ta gangaren kogi, mai tsamiya a ƙofar gida?"

"Ita ce."

"Ta san kin sa ta a nan?"

"Me zan gaya mata? Tes ne fa kawai. Maƙwabta za su karanta mata, ta ce e, shi ke nan."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce shekarun baya wani malamin makaranta ya taɓa zama a wannan ɗakin nawa. Mutumin kirki ne, amma ya so komai a rubuce, ya zo nan shagon aka buga masa takardar yarjejeniyar haya ya kai wa Gogo ta dangwala yatsa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce tunda gidanta ya zama masauki, ya nemi wanda ya fi shi kyau. Kafin la'asar kayansa na kan baro.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce ni ba takarda na kai mata ba, kuma ni ina biya, ba ƙarya zan yi wa hukuma ba, haƙƙina ne.

"Kina ajiyewa dai," ya ce. "Ko ita a matsayin haya take ɗauka, wannan bakinta ne zai faɗa. Da wane suna take kiranki?"

Tambayar ta sosa mini inda ke mini ciwo. Na ce ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", kamar wadda ta zo jiya. Ya ce a kasuwar shanu ya ga uwaye da yawa da ba sa iya furta sunan ɗansu na fari, sai dai su ce "kai" ko "wancan". Ya ce bai ce haka ne ba, amma dai ba zai aika wa tsohuwar nan saƙon da maƙwabci zai karanta mata a bainar jama'a yana kiranta mai gidan haya ba. In na yarda, shi zai je ya tambaye ta, don maganar kuɗi tsakanin irinmu ba ta tafiya sai da na uku.

Da na so sai in ce a soke komai a huta. Amma ban da rangwamen, ni kaina ina so in san ko ni wace ce a gidan nan, ina kuma tsoron amsar. Na ce ya je, in ya jawo aka kore ni, a shagonsa zan tare.

Bayan la'asar ya rufe shago, mutane na jira a benci, ya ce su dawo gobe. Ya sayi goro ya taho da ƙafa. Ni na riga shi isa, na shige ɗaki na saki labule na zauna a bayan ƙofa kamar ɓarauniya. Na ji sallamarsa, na ji Gogo ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Jam nyalli, Gogo?"

"Jam. Babarbare, har yanzu ba ka gyara Fulatancin nan naka ba?"

Suka yi dariya. Daga nan ya shiga gaisuwa, ya tambayi gwiwarta, ya tambayi dangi na daji, ya tambayi ruwan kogi da shinkafar bana, har da tsadar dusa. Ni ina ciki ina cewa a raina wannan bawan Allah ko a nan ma sai ya yi nawar tasa. Sai da na fara fid da rai sannan ya gyara murya.

"Gogo, gwamnati ta fito da wani sauƙi ga ma'aikatan da ke zaman haya. Na'urar tana tambayar yarinyar nan ko gidan da take ciki na haya ne. Ni kuma ba na sa wa gida suna sai mai shi ya faɗa da bakinsa. Abin da ya kawo ni ke nan."

Na kasa kunne a bayan ƙofa. Sai na ji muryar Gogo.

"Ita ta aiko ka?"

"Ita ta kawo mini aikin. Zuwan kuwa ni na nema, don na ga ba za ta iya haɗa ido da ke ta tambaya ba."

"Kai ne ka buga wa malamin nan takarda."

"Ni ne. Shi ya sa yau na zo da ƙafata."

Ta yi wani dogon tsaki wanda na san shi sarai, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Har na fara kallon akwatina.

"Abin da take tura mini ƙarƙashin faifai take nufi? Haya? A gidana?" Muryarta ta ɗaga. "To ka koma ka gaya wa na'urarka, ni ban taɓa cin kwabon yarinyar nan ba. Tarawa nake yi, in ya kai in aika wa ƙanena Abbo a Jakusko. Ya saya mata karsana, karsanar ta haihu, 'yar ma yanzu ciki gare ta. Yarinya ba uwa, albashi kuma ba ya haihuwa. Ranar da za ta bar gidan nan, da me zan fitar da ita?"

Na toshe bakina da mayafi. Ba Ajimi bai ja maganar ba. Ya ce Allah ya sa albarka a dukiyar, ya koma kan zancen gwiwarta, ya ce akwai wani man shafawa da Bintu ke amfani da shi, zai aiko. Ya yi sallama ya tafi abinsa.

Da takunsa ya yi nisa, Gogo ta juyo wajen labulena.

"Ke, na san kina ji. Fito ki naɗe tabarmar nan, tunda kin sa an tona ni. Ranar kasuwa mu shiga a-kori-kura ki je ki ga shanun, kada Abbo ya ce na ƙirƙiro ki ne."

Na fito kaina a ƙasa na naɗe tabarma. Ita ma ba ta dube ni ba, ta shige madafa tana faɗan an bar mata wuta tana ci a banza.

Washegari da safe na koma shagon. Waɗanda ya sallama jiya suna benci suna harararsa, shi kuwa yana ta dukan kwamfuta da yatsunsa biyu. Da layi ya zo kaina ya buɗe shafina, har yanzu kore ne, dannawa ɗaya ta rage rangwamen ya shiga. Ya goge sunan Gogo da lambarta, ya koma tambayar farko ya karanta mini ita a hankali: gidan da kike zaune na haya ne? Sannan ya ja kujerarsa gefe ya ce wannan amsar ba tasa ba ce, in danna da hannuna.

Na danna a'a. Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ni da ake tsoron bakina. Ba Ajimi ya sunkuya ya buɗe cikin firinta yana ta laluben takardar da ba ta maƙale ba, bai ɗago ba sai da na share fuskata.