Sawun Zabuwa a Gindin Bango

Kakana Malam Dabo magini ne, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa. Bai taɓa zama a aji ba, amma da hannunsa aka tayar da ajujuwan wata jami'a a Kano. Ni da aka sa a makaranta, daga aji biyar na sakandare na tsere.

Su goma sha huɗu suka je aikin daga yankinmu. Babu mai iya rubuta sunansa, saboda haka duk wanda ya gama bango sai ya danna alamar da yake sa wa rumbunsa a ɗanyen siminti, can ƙasa inda injiniya ba ya dubawa. Ta Kaka sawun zabuwa ce, yatsu uku.

Da tsufa ya zo, saura su uku: shi da Baba Kolo da Malam Abdurra'uf. Wata rana suka je ganin aikinsu, suna ta gardamar wa ya ɗaure bakan ƙofar laburare, ɗalibai suka taru suna saurare. Daga nan, duk shigowar sababbin ɗalibai sai tsofaffin su hau bas su je su zagaya da su, suna nuna dalilin da ya sa tagogi suka kalli arewa, da mai kowace alama. Ba wanda ya sa su. Ɗalibai suka raɗa musu Tsofaffin Bango.

Biyun suka rasu, idon Kaka ya fara dushewa.

"Ikrima, zo mu je in nuna maka wuraren nan. Ni kaɗai na rage."

"Tsoho, kai da ba ka san ƙofar firamare ba, ni za ka ba lacca a jami'a?"

"Ja'iri. Kai da ka sani, ina taka jami'ar?"

"To, bari a cire gyaɗa."

Aka cire gyaɗa, na ce sai bayan sallah. Sau ɗaya na raka shi. Yana durƙushe yana laluben bango yana kiran sunaye, ni ina can ina tsokanar mai awara.

Bara da damina ya rasu. Bana na je ni kaɗai, na wuni ina rarrafe a gindin gine-gine, har mai gadi ya tambaye ni ko wayata ce ta faɗi. Na ga sawun zabuwa. Na ga wasu huɗu. Sauran taran ko hanyarsu ban sani ba.

Wata ɗaliba ta sunkuyo ta nuna ɗaya mai kamar lauje.

"Malam, wannan ta wane ne?"

Ni da a garinmu kaf aka san ba na rasa abin faɗa, sai ga ni ina ce mata ban sani ba.