Askin Baba da Bututun Banɗaki

Shekarar da likita ya ce kada a sake barin mahaifina ya zauna shi kaɗai, na ɗauko shi daga ɗakinsa na bayan abbatuwa, wato mayanka, na kawo shi wurina a Agege. Gidan haya ne, ciki biyu da falo a saman bene, mai gidan kuma, wata dattijuwa Bayarabiya, tana zaune daidai ƙasanmu. Hawan jini ya kayar da Baba sau biyu a wancan ɗaki, na biyun sai da maƙwabta suka ɓalla ƙofa. Duk da haka ba da son ransa ya zo ba, bai kuma mayar da makullin ɗakin ba. Na san ranar da ransa ya ɓaci zai koma, na kuma san in ya koma, faɗuwa ta uku ba lallai a ji ta a kan lokaci ba.

Mahauci ne, a kan wuƙa ya tsufa. Tun da wanzaminsa ya rasu shi yake yi wa kansa aski, kowace Juma'a da hantsi, tas, har da gyaran gemu. Shagon aski ko kyauta ba ya shiga, saboda gashi. A wurin mutanen zamaninsu gashin mutum ba a barinsa a sarari, binne shi ake yi ko a jefa a masai, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. Ni da aka haifa a Legas na zubar da nawa a shaguna daga Agege har Iyana Ipaja, ban ga abin da ya same ni ba in ban da sanƙo. Amma ban taɓa gaya masa haka ba.

Ranar da ya fara ganin sinkin banɗaki ya daɗe yana kallon ramin. Ya buɗe famfo, ya ga ruwa ya shige ya ɓace, ya tambaye ni ina yake zuwa. Na ce ƙarƙashin ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam an yi tunani. Daga nan sinki ya zama masansa. Zai kulle ƙofa, ya kaɗa kumfa da buroshi a gwangwanin madara, ya yi aski, sannan ya tura komai cikin ramin da yatsa, ya bi shi da ruwa har sai bai ga ko sili ɗaya ba.

Wata uku ba su cika ba ruwa ya fara tafiyar hawainiya. Matata ce ta fara lura, ta gaya mini a ɗaki, don surukinta ne, ba za ta iya buɗe baki a gabansa ba. Na sayo robar zuƙe bututu, na yi ta dannawa har kafaɗata ta sage. Ruwan toka-toka ya taso da ƙamshin sabulu, ya koma ya kwanta. Na zuba soda, ta yi ɗan tafasa, aka samu sauƙin kwana biyu.

Baba ya leƙo ya ga ina fama, ya ce in matsa. A ganinsa duk abin da ya toshe magudana kitse ne ko ɗan'uwan kitse, maganinsa kuma tafasasshen ruwa, haka suke yi wa kwatar mayanka. Ya sa aka tafasa babbar tukunya, ya sa na juye ta gaba ɗaya. Ruwan ya shige kuwa, ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko. Abin da bai sani ba, kwatarsu ta siminti ce, bututuna na roba. Sabulun ya narke ya ƙara gaba ya sake daskarewa, mahaɗar bututun kuma ta saki. Washegari da safe mai gidan ta hau bene tana haki, ta ja ni ƙasa ta nuna mini rufin ɗakinta. Ya jiƙe, yana ɗiga kusa da gadonta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da Yarbanci kafin la'asar mai gyaran famfonta zai zo, in buɗe masa ƙofa. Ya zo da jakarsa, ya durƙusa ƙarƙashin sinki, ya ƙwanƙwasa gwiwar bututun, wato lanƙwasar nan da ke riƙe datti.

"Oga, sabulu ne da gashi," in ji shi. "Duk suna nan ciki. In kwance in kwashe, minti goma."

Baba yana tsaye a bayanmu. Yarbancinsa na kasuwa ne, amma ya ji kalmar gashi.

"Me ya ce?"

"Ya ce gashin bai tafi ba, Baba. Yana nan a maƙale."

"Duka?"

"Kusan duka."

Ya dubi mai gyaran. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, in baƙon nan ya sa hannu a gashinsa, yau zai kwana a ɗakinsa na bayan abbatuwa. Ya wuce ciki, na ji ƙarar jan akwati.

Raina ya ɓaci sosai. Ga mace tana tara roba kusa da gadonta, ga mai aiki a durƙushe yana jirana, ga dattijo zai saka ransa a haɗari saboda gashin da ko kaza ba za ta tsinta ba. Na so in gaya masa duk wannan. Maimakon haka na roƙi mai gyaran ya ara mini sifana, ya fita baranda ya riƙa gaya mini abin yi daga can. Ya yi dariya, ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa gyara famfo da baki ba, amma ya fita.

Na tara roba, na kwance gwiwar. Abin da ya faɗo dunƙule ne fari-fari mai santsi kamar kwanannen tuwo, ga wari. Na zura waya na jawo sauran daga can ciki. Sai da na kwashe komai na rufe da leda sannan mai gyaran ya shigo ya sauya mahaɗar.

Na kai wa Baba robar har ɗaki. Ya zauna bakin gado, ya tona da tsinke yana dubawa. A nan na lura gashin kaɗan ne, sabulu ne ya yi yawa, yawan da ya fi ƙarfin kai ɗaya ko da kullum ake aske shi. Na tambaye shi sau nawa yake shafa kumfa a aski guda. Ya ce huɗu, wani lokaci biyar, don takan bushe kafin ya gama. Tsinken da ke hannunsa yana ta rawa, ya ga ina kallo, ya ajiye shi. Dunƙulen kuma na kai wani kango bayan layinmu na binne, don gidanmu ko'ina siminti ne.

Bai sake maganar tafiya ba, bai kuma ce ya fasa ba. Da Juma'a ta zagayo na iske shi a baranda zaune a kan kujera 'yar tsugune, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, gwangwanin da askar suna gefe. Ya yafito ni ya nuna mini askar, ni da ban taɓa yi wa kowa aski ba. Ya cire hula ya sunkuyar da kai. Ƙeyarsa duk yanka ce, wasu sun warke, wasu da ɓawon jini, ɗaya dogo har kusa da wuya. Tsoro ya kama ni, da kunyar cewa gida ɗaya muke kwana ban sani ba.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi," ya ce. "Ka jiƙa buroshin tukuna. Kuma ka bi a hankali ta bayan kunne."