Sanda Bakanike da Motar Itace

A Unguwar Kanawa kowa ya san Sanda bakanike ba ya yarda da bakin direba. A barikin soja ya koyi gyaran mota lokacin yaƙin basasa, da aka sallame shi ya kafa rumfa a gindin wata darbejiya. In ka ce masa birki ne, sai ya fara duba taya, yana kallonka ta wutsiyar ido.

Da daminar 1974 Hajiya Turai ta Hayin Banki ta aika a kira shi. Mijinta akawu ne, ya rasu ya bar mata babbar mota mai ɗaukar itace. Motar in an tashe ta da sassafe sai ta yi ta ruri tana kakkarwa kamar an danne totur, in ta ɗau zafi kuma ta lafa.

"Direbana Luka nake zargi," in ji ta. "An ce yana zuƙe fetur ya cika da kananzir. Na dakatar da shi."

Luka yana tsaye a zaure. "Hajiya, shekara shida ina jan motar nan, tun Maigida yana da rai."

Sanda a ransa ya riga ya yanke wa Luka hukunci. Ya kai motar rumfarsa, ya juye man tankin kaf, ya sansana, ya zuba wanda ya sayo da hannunsa. Ya canza fulogi, ya duba wayar cok, ya sa makullin a aljihu.

Washegari bayan sallar asuba ya murza makulli. Ruri ya tashi kamar jiya. Ya buɗe bonet ya kasa kunne, sai ya ji wani siririn fito. Ya ɗiga fetur a gindin kafireto, nan take muryar injin ta canza. Iska ce ke shiga ta nan, in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai kafar ta toshe.

Da ya kwance kafireton ya ga gaskit ɗin da ke hana iska shiga ta gindinsa ya tsage. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Yankan almakashinsa ne. Shi ya yanka shi da kwali ya sa wa motar bara, da aka rasa na kanti.

Ya tafi Hayin Banki ya ajiye shi a gaban Hajiya. "Laifina ne, Hajiya. Man motar lafiya lau. Ki mayar da Luka bakin aikinsa."

Ta dubi kwalin, ta dube shi. "Malam Sanda, jiya da wa kuka gana?"

Ya rantse mata ba su haɗa baki da Luka ba, ta ce ta ji, amma ba ta aika wa Luka ba. Sanda ya yi sati biyu yana cigiya kafin ya same shi a tashar Kawo, yana jan motar wani ɗan kasuwa zuwa Zariya. Luka ya saurare shi har ya gama, ya ce ba komai, sannan ya hau mota.