Ramukan Kumandan

Ku ji abin da ya same ni yau, har yanzu raina a ɓace yake.

Cikin sanyin nan gardi, dogarin Nasara, ya kwaso mu aikin tilas, gyaran filin da kumandan, Baturen mulki, ke buga 'yar ƙwallo da sanda a Dogon Dutsi. Ina shara sai na ga ƙananan ramuka. Na ɗauka gafiya ce ta yi ɓarna, na cike su na tattake, yadda nake yi a gonata.

Sai na ji bulala a bayana.

Gardi ya ce, "Wa ya aike ka? Nan ƙwallon kumandan ke faɗawa! Tone su yanzu."

Rijiyar garinmu Sukukutane ta cike da rairayi tun kaka, an hana mu lokacin yashe ta. Amma ramukan ƙwallo, kafin azahar na tone su da hannuna.