Kwana Huɗu Malama Kalolaine Tana Magana da Iska

Shekara talatin da uku Malama Kalolaine Taufa ta yi tana koyar da lissafi a wata sakandare a tsibirin Vava'u, alli a hannu, murya kamar ƙararrawar coci. Rabin mutanen garin ta hannunta suka bi, kuma duk sun san dokarta: in tana magana, ko tari ba a yi.

Sai guguwa ta yaye rufin makaranta, saura kwana goma sha huɗu ɗaliban ajin ƙarshe su zauna jarrabawa. Shugaban makaranta, yaron da ita ta koya wa raba lamba, ya kawo mata kwamfuta har gida, ya ce daga nan za ta riƙa koyarwa. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Ai da sauƙi, Malama," ya yi gaba. Haushin kalmar nan har yau bai sake ta ba.

Ba ta tambayi kowa komai ba, girma ya hana. Ta jingina allo a gindin mangwaro, ta kori aladun maƙwabta, ta ɗaura 'yar tabarmar adonta a ƙugu, irin ta al'adar tsibirin, yadda take yi in za ta aji. Fuskokin ɗalibai ashirin da biyu suka bayyana a kwamfutar ƙanana-ƙanana, suna gyaɗa kai. Kwana huɗu tana zuba darasi har muryarta ta dishe, tana ma cewa a ranta ashe na'urar nan ta koya wa yara natsuwa.

Ran Lahadi bayan an fito coci, mahaifiyar wata ɗaliba ta matso tana sunkuyar da kai.

"Malama, yaushe za a gyara miki muryar? Meliame ta ce bakinki kawai suke gani yana motsi."

Litinin da sassafe ta sa aka kira mata Meliame. Yarinyar ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa.

"Ke! Kwana huɗu ina ta ɓaɓatu kamar mahaukaciya, ku ashirin da biyu an rasa mai baki?"

"Malama, ai kina magana ne."

"Maganar da ba ku ji?"

"To, ba a katse ki. Amma mun rubuta miki."

"A ina?"

Meliame ta miƙa yatsa ɗaya, ta taɓa wani ɗan ɗigo a gefen kwamfutar. Abin da ya gagari Malama kwana huɗu, ko daƙiƙa biyu bai ɗauke ta ba. Saƙonni suka zubo, sittin da wani abu, kowanne da gaisuwarsa da ban haƙurinsa. Malama, a gafarce mu, ba ma jin ki. Malama, don Allah ki danna jar alamar. Na ƙarshe ran Alhamis aka rubuta shi: Malama, mun kwafi duk abin da ke kan allo, amma ba mu gane ba.

Ta rasa wa za ta yi wa faɗa. Na'urar ba ta jin faɗa, yaran kuwa tarbiyyar da ta ba su suka bi tsaf. Ta ƙirga kwanakin da suka rage da yatsunta, bakwai ne, ga aikin sati biyu a gabanta.

Ta jawo kujera kusa da tata, ta buga hannu a kai.

"Tashi daga ƙasan nan ki zauna a nan. Nuna min daga farko, a hankali. In na yi kuskure ki ce min na yi kuskure."

Meliame ta dubi kujerar, ta dubi Malama. Ta zauna ta kunna muryar, Malama ta kai yatsa ta danna alamar don ta gwada.

"Malama," ta ce can ƙasa-ƙasa, "kin sake kashe muryar."