Minti Ashirin da Biyar a Kan Tambaya Ɗaya

Ranar wata Asabar ce da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ƙarfe goma da kwata na safe, mu bakwai ne a ajin manya a Gwarinpa, sai malamarmu ta lissafi, wata 'yar Filato. Saura mako guda mu zauna jarrabawar sakandare. Shekarata arba'in da uku, kuma a masana'antar da nake aiki a Idu an ce ba ƙarin girma sai na ci lissafi.

Malama ta koya mana hanyoyi uku na warware kwadratik, wato lissafin da ke da x² a ciki. Ta ɗaya, ka nemo lambobi biyu da za su dace. Ta biyu, ka cike sikwaya. Ta uku, fomula. Ni mai kula da inji ne, kuma a wurinmu ba a taɓa maɓalli na biyu sai na farko ya gama aikinsa. Haka na ɗauki lissafin.

Ta raba takardar gwaji, ta ba mu minti talatin. Tambayar farko: x² + 3x − 5 = 0. Na shiga neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −5, in an haɗa su ba da 3. Na gwada biyar da ɗaya. Na juya su. Na sake gwadawa. Na yi zaton gilashina ne, na goge shi. Na kusa da ni, wani tela, har ya kai tambaya ta huɗu yana kaɗa ƙafa.

Bayan minti ashirin da biyar, Malama ta tsaya a kaina. "Oga, har yanzu lamba wan?"

"Malama, tambayar nan da kuskure."

"Babu kuskure. Lambobin ne babu. Ka yi fomula mana."

"Ban gama hanya ta ɗaya ba, yaya zan tsallaka zuwa ta uku?"

Tela ya fashe da dariya. "Alhaji na bin layi ko a lissafi!"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba mataki ba ne, Oga, zaɓi ne. Duba tambaya tukuna. In lambobi sun fito a minti ɗaya, bi su. In sun ƙi, fomula ba ya ƙin kowa."

Sifili na ci ranar, kuma na koma gida ban gane dalilin sa wa hanyoyin lamba ba tunda ba a jere ake bin su ba. Amma ranar jarrabawa na ajiye agogo a gabana. Minti ɗaya ya wuce lambobi ba su fito ba, na koma fomula, raina bai so ba. Na ci da ƙyar, aka ƙara mini girma.

Na koyi cewa nacewa a kan hanyar da ba ta ɓullewa ba tsari ba ne, taurin kai ne. Don Allah, in kana koya wa wani hanyoyi da yawa, ka gaya masa tun farko yaushe zai bar ɗaya ya kama wata.