Sojojin Kan Benci

Ni mace ce mai son fim ɗin yaƙi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ƙawayena a kasuwar Assigamé ta Lomé, inda nake sayar da atamfa, in hirar fim ta tashi zancensu bai wuce wa ya so wa, wa ya auri wa. Ni kuwa a ba ni sojoji cikin taɓo, ga yunwa, ga takalmi ya yage. Tun muna yara a nan Zongo ni ce mai jan autanmu zuwa ɗakin bidiyon bayan gidanmu, mu zauna a gaba, Faransancin da ake yi rabi ya shige mu rabi ya wuce. Ba harbe-harben ne ke riƙe ni ba. Na fi son inda aka yi shiru, soja ya ɗora takarda a gwiwa yana rubuta wa uwarsa, ko mutum biyar su raba gwangwanin kifi ɗaya. Wanda ya fi duka shi ne inda za a harbi wani, abokinsa ya koma cikin wuta ya saɓo shi a kafaɗa. Nan nake kuka kullum, in zunguri ƙanena in ce, "Ka ga namiji ke nan."

Ƙanen nawa ya girma ya zama direban babbar mota. Yakan ɗauki kaya daga tashar jirgin ruwa ya kai ƙasashen arewa, sai ya yi mako biyu ko uku ba mu gan shi ba. Maigidana kuwa a tashar yake, aikinsa bin takardun kaya daga ofis zuwa ofis har a sake su. Shi ma mayen fim ɗin yaƙi ne, abin da ya fara haɗa jininmu ke nan. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan fito da talabijin rumfar ƙofar gida, abokansa shida ko bakwai su taru, a ɗora shayi. Ni kuma in zauna a ɗaki bakin taga, ina tsintar wake, ina kallo ta tsakanin kawunansu.

Wallahi babu yaƙin da mutanen nan ba su ci ba a kan bencin nan. Su ke gyara wa manyan hafsoshi kuskure, su suka san gadar da ya kamata a fasa da wadda za a bari. Babban kwamandansu kuwa maigidana ne, mutumin da ranar Layya yake juya baya in za a yanka rago, wanda in ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, yake rufe ido yana salati har mai babur ya sauke shi. A da dariya abin yake ba ni.

Shekarar da hanyar arewa ta lalace, ƙanena ya fita cikin ayarin motoci. Kwana ɗaya bayan sun tsallaka iyaka, da hantsi, 'yan bindiga suka tare su. Motar da ke gabansa ta amininsa ce, wanda suka koyi tuƙi tare. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin. Ya ce ya ga gilashin motar gaba ya tarwatse, bai san sa'ad da ya buɗe ƙofa ya faɗa cikin wani kwalbati ba, ya kwanta a ciki har rana ta karkata. Yana jin amininsa yana kiran sunansa, da farko da ƙarfi, daga baya a hankali, daga nan kuma bai ƙara jin komai ba.

Ya dawo Lomé ba ko ƙwarzane a jikinsa. Ya mayar wa ubangidansa makulli, ya ce shi da hanyar arewa har abada. Ya samu aikin jigilar siminti cikin gari, daga tasha zuwa wajen unguwar Cacavéli, yana kwana a gidansa kullum. Matarsa ta yi sadaka, ni ma na yi. Na ce masa iya ruwa fid da kai, 'ya'yanka uku, wa za ka bar wa? Ya rame, in murfin tukunya ya faɗi sai ka ga ya zabura, amma yana nan a gabanmu, kuma ni abin da nake so ke nan.

Wata biyu bai taka gidanmu ranar Lahadi ba. Ni ce na matsa masa, don na ga zaman kaɗaici yana cinsa. Ya zo, ya gaisa da kowa, ya zauna a ƙarshen benci. Fim bai yi nisa ba wani abokin maigidana, mai sayar da tayoyi, ya waiwayo.

"Yawwa, ga wanda ya ji ta gaske. Shofer, direbanmu, haka bindiga take ƙara, ko tele ce ke ƙara mata gishiri?"

"Ban tsaya saurare ba," in ji ƙanena.

Aka kwashe da dariya. Na san fim ɗin sarai, na san abin da ke tafe, kuma ina da ƙafar da zan iya tashi in hana. Ban tashi ba. Aka zo wurin, soja ya koma cikin wuta ya saɓo abokinsa. Maigidana ya tsayar da fim, ya mayar baya, aka sake kallo.

"Voilà! Wannan shi ne aboki," ya ce. Sai ya juya wajen ƙanena. "Wai kai, tsakaninka da motar marigayi mita nawa ne?"

"Ban auna ba, Yaya."

"A'a, ba wani abu, tambaya ce kawai. Da ka ja ciki ta gefen taya fa?"

Daga nan suka share faranti, suka jera kofunan shayi. Wannan kofi motar gaba, wannan ta ƙanena, kwalin ashana shi ne kwalbati, ƙwayoyin sukari 'yan bindiga. A gaban idonsa suka ceto mamacin har ta hanya uku. Mai tayoyi ya ce da shi ne, tada kamiyo, motar tasa, zai yi ya bi ta kansu, c'est fini. Wani dattijo a cikinsu, wanda iyakar tafiyarsa kasuwa da masallaci, ya girgiza kai ya ce kwana ne ya ƙare, amma dai su a zamaninsu ba a barin mutum.

Ban san lokacin da tiren wake ya kife ba. Na fito ko mayafi babu, na fizge wayar talabijin daga bango. Na ce, "Ku ji kunya! Wanne a cikinku ya taɓa jin ƙarar da ta fi ta tayar da ta fashe? Kun zauna a inuwa, cikinku cike da shayi, kuna auna wa mutum mita!"

Maigidana ya ce, "Haba, ke kuwa, hira ce fa."

Ƙanena ya miƙe yana kaɗe wandonsa. Ya ce, "Bar su, Yaya. Ai ke ma haka kike cewa."

Na tsaya da waya a hannu. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau tana ci mini rai.

Ba a yi kwana goma ba ya koma ya karɓi makulli. Kuma kun san wa ya bi takardun kayan da ya fara ɗauka? Maigidana. Ya dawo gida yana ba ni labari har da murmushi, wai yaron ya dawo hayyacinsa. Majalisar kuwa, da na hana su ƙofata, suka kwashi bencinsu suka koma shagon mai tayoyi, inda na ji ana cewa su ne suka ƙarfafa masa gwiwa. Su ne! Mutum ya tsira da ransa, aka taru aka sa ya ji kunyar rayuwa, sannan ana jiran ya yi godiya.

Fina-finan ma ina jin haushinsu yanzu, duk da ban iya daina kallo ba. Na sake bin waɗanda na fi so ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai tsaya tare da mutumin da ya kwanta a rami, ya bi shi har gida, ya nuna shi yana kai 'yarsa makaranta. Ban samu ba. Da an saɓo wanda aka harba sai a sa kiɗa, kowa ya share hawaye ya tashi.

Ranar da zai tafi na bar rumfata na bi shi inda suke ajiye motoci, da safe, yana zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙarfe. Na ce, "Auta, me za ka je ɗaukowa a can? Wanda ya tafi ya riga ya tafi."

"Na sani," ya ce. "Amma a nan ba na iya haɗa ido da kowa."

Na roƙe shi don Allah, don darajar iyayenmu, don 'ya'yansa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya hau mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, na san ba kya ɗaukar baƙuwar lamba. Daga yau in kin gani, ki ɗauka."

Shekara biyu ke nan yana tafiya yana dawowa. Yanzu haka kwanansa tara a hanya. Jiya a kasuwa ina tsakiyar auna wa wata mata atamfa, baƙuwar lamba ta shigo, na saki almakashi na ɗauka. Wani ne yake neman mai gyaran firiji. Na ce masa ba nan ba ne, na yi masa godiya har sau biyu, mutumin ya rasa ta me.